Fasfo a Aljihun Isha'aku

Kusa da Beaune, Faransa
2 ga Agusta, 1988

Zuwa ga Yaya Haoua, 'yar kawuna, uwargijiyata ta Waziriyya,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar bawa ga mai shi, tunda kin ce har abada ɗan mace bawan 'yar namiji ne, ko da ya hau jirgi ya bar ta a Jidda tana gumi. Ya ƙafar taki? Ya Jamilatu? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin safiya da ya sa nake sallar asuba da kwat.

Yau kwananmu shida. Maigida Ammi Abdulghaffar ya kama hayar wani tsohon gidan dutse a ƙauye, shi da matarsa Hajja Mastura, ni kuma aka ba ni ɗaki kusa da garejin mota. Likita ne ya ce zuciyarsa na son hutu da iska mai sanyi har ƙarshen Satumba. Sai yanzu na ga amfanin bulalar da na sha a lakwal, makarantar Faransanci, a Damagaram. Ni ne direba, ni ne tafinta, ni ne mai sayo burodi.

Yaya, ƙasar nan duk inabi ce. Duk tudun da kika kalla layi-layi ne kamar an yi masa kitso. Kuma ba don ci suke nomansa ba, giya suke yi. Kada ki ɗaga murya, tun daga nan na ji salatinki. Mu namu kallo ne. Ranar Asabar na kai su cikin Beaune, muka ga wani asibiti na zamanin da, rufinsa ja da kore da rawaya, muka zaga kasuwa. Hajja ta toshe hanci a rumfar cuku, da ta ga ana sayar da dodon koɗi don ci kuwa ta ce yalla, a koma gida.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne mai gonar inabi, Armand. 'Ya'yansa duk sun tafi birni. Da yamma nakan leƙa mu yi hira ta kan katanga.

Da sassafe akwai abin da ke ratsa sama a nan. Ƙatuwar jakar yadi ce, ana hura mata wuta daga ƙasa, da kwando rataye, mutane tsaye a ciki suna ɗaga hannu. 'Yan yawon buɗe ido ne ke biya a ɗaga su. Ammi yakan dogara sanda ya bi abin da ido har ya ɓace. Ni ko kallon ba na iyawa, jiri nake ji.

Ga abin dariya. A filin jirgi Ammi ya miƙo mini jakar takardu ya ce in riƙe, tunda ni ke magana da 'yan sanda. Har da nawa fasfon a ciki. Shekara shida rabon da in kwana ɗaki ɗaya da shi.

Ki gaida Saleh tela. Ki ci gaba da karɓar wasiƙu a shagonsa na kasuwar Balad.

Bawanki,
Isha'aku

Waziriyya, Jidda
14 ga Agusta, 1988

Bawana Isha'aku,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, Jamilatu lafiya, tana ta tambaya ko ka ga dusar ƙanƙara. Zafi kuwa kada ka tambaya, jiya a kicin ɗin Hamad ɗan Ammi har na ga hazo-hazo.

Na karanta takardarka sau uku. Karon farko na yi dariya. Kai da aka ce ka hau rufi ka gyara eriyar talabijin ka ce cikinka na ciwo, ai dole ka ji jiri. Karo na biyu ban yi dariya ba. Karo na uku na zauna.

Me ya kai fasfonka aljihunka? Kuma me ya sa ka ajiye maganar sai ƙarshen takarda, ka ce abin dariya ne? Wa ya yi dariyar?

Bari in tuna maka, tunda iskar Faransa na ɗauke tunani. Bara warhaka Boubacar direba ya raka mutanen gidansu birnin Janeba, can Turai. Shi ma takardu masu daɗi ya riƙa aikowa, tafki kaza, dutse kaza. Rannan aka wayi gari ba shi, ba fasfo. Kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa a takarda, ya dawo ya kai rahoton gudu, sannan ya waiwayi wanda ya kawo shi gidan. Maman Lawali ne, mutum mai shekara ashirin da biyu a garin nan. Cikin mako uku aka sa shi jirgi da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ni na taya su ƙulla kaya.

To ni na kawo ka gidan nan. Ni na tsaya gaban Hamad na ce ɗan goggona ne, duk abin da ya yi a wuyana. Ammi ya tsufa, kafalar yanzu da sunan Hamad take, tawa da ta Jamilatu da taka. Iƙamarmu, takardar izinin zama, za ta ƙare a Rabi'ul Awwal. Jamilatu saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare. A nan aka haife ta, a nan aka binne ubanta, Hausarta ma sai ta tsaya ta yi tunani. Ina za ni da ita?

Ban ce kana da wata niyya ba. Na ce dai ka mayar wa Ammi fasfon nan yau, ka ce ya ajiye a akwatinsa.

Shi kuma tsohon nan Armand, mai giya da 'ya'yansa suka gudu suka bar masa gona, me yake nema wurin direban mutane? Hirar me kuke yi kullum? Ka rubuto mini, kuma ban da kitso da cuku.

Yayarka,
Haoua

Kusa da Beaune
26 ga Agusta, 1988

Yaya Haoua,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta ƙara sauƙi. Ki faɗa wa Jamilatu ba dusar ƙanƙara yanzu, amma na saya mata katin hoton asibitin nan mai rufin launi.

Haba Yaya! Ni ne Boubacar? Na ji zafin maganar nan, ba zan ɓoye miki ba. Duk da haka na bi umarni, na kai wa Ammi fasfon. Ya kore ni da sanda, ya ce shi hutu ya zo, bai zo gadin takarda ba. To ya zan yi, in cusa masa a aljihu?

Kin ce ban da kitso da cuku, to ga jirgin ruwa. Akwai wani kogi da mutanen da suka haƙa da hannu, mun yini a kansa cikin ƙaramin jirgi mai rumfa. In an zo tudu sai a shiga tsakanin ƙofofi biyu, a rufe, a sako ruwa, jirgin ya riƙa tasowa har ya kai sama. Ammi ya sa aka maimaita masa bayani sau uku. Mun kuma shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda suke jera gangunan giya, sanyi kamar randa. Da aka miƙo kofuna na ce mu Musulmi ne, suka kawo ruwan inabi wanda bai kwana ba. Hajja ko shi ta ƙi taɓawa.

Hirarmu da Armand ba ta wuce ta gona da injin. Taraktarsa ta mutu, na duba masa, ashe bututun mai ne ya toshe. Ya riƙe hannuna yana jujjuyawa, ya ce irin wannan hannun ƙauyen ya rasa, in da zan tsaya tsinkar inabi da ya ji daɗi. Na yi dariya na ce ina da uwargijiya a Jidda.

Ammi ne ya zama yaro. Ya ce shekara hamsin yana cikin shago a Balad bai ga komai ba sai buhunan shinkafa. Ya so ya hau keke ya bi hanyar gonaki, Hajja ta hana. Ya so ya hau hasumiyar wani tsohon gidan sarauta, ta hana. Duk inda ya juya tana biye da kwalbar magani. Sai ya ba ni tausayi, wallahi.

Akwai wani abu da muke shiryawa, har sai da na je wani ofis a Beaune sau biyu, suka rubuta sunana da lambar fasfona. An rantsar da ni kada Hajja ta ji, kada Hamad ya ji. Ke kuwa kullum kina gidan Hamad, don haka ke ma ki yi haƙuri. Ba abin kunya ba ne. Ni dai ba na son sa, amma na riga na ce to.

Bawanki,
Isha'aku

Waziriyya
5 ga Satumba, 1988

Isha'aku,

Muna lafiya. Katin ya iso, Jamilatu ta gode.

Wane ofis? Ofishin me ke rubuta lambar fasfon baƙo sau biyu? Wa ya rantsar da kai? Ka rubuta "an rantsar da ni", ka ƙi faɗin suna, kana tsammanin ban lura ba. Ni da na yi maka wanka kana tsumma.

Bature ya riƙe hannunka ya ce ka tsaya. Kai kuma ka ba ni labarin kana jin daɗi, ina ganin haƙoranka ta cikin takarda. Bayan layi biyar sai ga ofis, sai ga asiri, sai ga "ba na so amma na ce to". Na kai wa Saleh ya karanta ko ni ce ke da mugun zato. Ya ninke ta ya miƙo mini, ya koma kan keken ɗinkinsa, Saleh da ka san ba ya rasa abin faɗi.

Kullum ina dafa wa Hamad abinci da wannan magana a raina. Shekaranjiya ya leƙo kicin ya ce, "Ya Hawwa, kef akhbar Ishaƙ, ina labarinsa?" Na ce alhamdu lillahi, cokali ya faɗi daga hannuna.

Ga abin da nake so, kuma ba wasan taubasai a ciki. Ka ɗauki alƙalami ka rubuta mini da sunan Allah cewa jirgin da zai dawo da Ammi da kai a ciki. Layi ɗaya ya isa. In ka rubuta, halas, ba zan sake tambayar ofis ba. In ka yi mini kwana-kwana, zan san amsar.

Haoua

Kusa da Beaune
8 ga Satumba, 1988

Yaya Haoua,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ban ga amsar takardata ta ƙarshe ba, amma ba zan iya jira ba.

An sa rana, Asabar 17 ga wata da safe. Tunda aka faɗa mini abinci ba ya shiga. Rai a hannun Allah yake, ban san yadda za ta kaya ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

In ba ki sake ji daga gare ni ba, makullin ɗakina na wurin Saleh. Rediyo nasa ne. Fankar ki kai wa Jamilatu, ta ɗakinku ta tsufa. Bargo da akwatin ƙarfe ki aika wa Inna Damagaram in an samu mai tafiya. Alƙur'anin ki kai masallacin unguwa.

Ki yafe mini duk wahalar da na ba ki tun ina yaro har yau. Ke kika kawo ni, ke kika tsaya mini, ban manta ba. Ni ma na yafe miki duka, wanda na sani da wanda ban sani ba, na baya da na gaba.

Kada ki nuna wa kowa. Ki yi mini addu'a ranar.

Ƙaninki,
Isha'aku

Waziriyya
16 ga Satumba, 1988

Isha'aku,

Ban san ko wannan za ta same ka ba, ko za ta tarar da ɗaki wayam. Na rubuta ne don kada ka ji a bakin wani.

Na roƙe ka layi ɗaya. Jiya Alhamis Saleh ya kawo mini amsa har gida: rediyo, fanka, bargo. Isha'aku, ni za ka raba wa kaya? Shekara goma sha tara ina garin nan. Ko yaron goye a Waziriyya ya san in mutum mai lafiya ya ba da fanka ya nemi gafara, to ya gama da Jidda. Boubacar ma firjinsa ya bayar kafin su tashi, muka ce kirki ne.

Na zauna da takardar a cinya, Jamilatu na gefe tana guge rigar makaranta tana waƙa. Na dube ta, na dube ta. Sai na ɗauki abaya.

Yau bayan Juma'a na sami Hamad a falo. Na ce, "Ya Ustaz, na zo da abin da ya fi ƙarfina." Na fassara masa kalma-kalma, ban rage ba ban ƙara ba, har da ofis, har da Bature mai gona. Ya ce, "Mata? Yaushe?" Na ce gobe da safe. Ya karɓi takardar ya sa a aljihu, ya ja tarho. Ina tsaye aka haɗa shi da Faransa, na ji yana ce wa Hajja, "Ummi, karɓe jakar fasfo yanzu-yanzu." Da ya ajiye ya ce, "Inti amina, ke mai amana ce, ya Hawwa. Ke da 'yarki ba abin da zai taɓa ku." Na ce na gode. Na fito na zauna a bakin titin Aziziyya na yi kuka kamar ranar da aka ɗauki baban Jamilatu.

Ka ce kada in nuna wa kowa. Na nuna. Kai namiji ne, duk inda ka faɗa za ka tashi, kana da hannun da Bature ke yabo. Ita ba ta da kowa sai ni. An sa ni zaɓi tsakanin ɗan goggona da 'yata, kuma kai ka sa ni.

Ina jin haushinka, ina kuma kewarka, duka biyun. Ka yafe ko kada ka yafe.

Haoua

Paris
28 ga Satumba, 1988

Yaya Haoua,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau. Takardunki biyu sun same ni, ta 5 ga wata ta zo kwana huɗu bayan na aika tawa. Da ta riga, da kin samu layinki. Na ce in bari Asabar ta wuce in ba ki amsa gaba ɗaya, wannan kuwa wautata ce.

Kwandon nan ne, Yaya. Kwandon sama. Ammi ya ce ba zai mutu bai ga duniya daga bisa ba, kuma mai tuƙin ba ya jin Larabci, dole da tafinta. Ofishin na masu kwandon ne, su ke rubuta sunan duk wanda zai hau. Ammi ne ya rantsar da ni. Ke kin san ni da tsani ma. Na tabbata a raina igiya za ta tsinke, ko wutar ta kama yadin. A gidanmu kuwa ba a tunkarar abin da ake jin mutuwa a cikinsa ba a yi wasiyya an nemi gafara ba, haka Inna ta yi ko da za a yi mata aikin ido. Ni ina rubuta wasiyya, ban tuna yadda ake karanta fanka a Waziriyya ba.

Ranar Juma'a da la'asar Hajja ta kira ni, ta karɓe jakar, ta ce, "Ina za ka gobe?" Na dubi Ammi. Ya dubi sandarsa. Na ce babu inda za ni, Hajja. Ta ce in rantse ba ni da wani shiri. Na kasa.

Da asuba Ammi ya ƙwanƙwasa mini, ya ce wa Hajja masallacin Dijon za mu. Muka hau. Minti goman farko idona a rufe, na riƙe bakin kwando ina ta Ayatul Kursiyyu. Sai ya ce, "Iftah, ya walad, buɗe ka gani." Na buɗe. Ba girgiza, ba ƙara, sai in an hura wutar. Gonakin duka a ƙarƙashinmu, masu tsinkar inabi sun fito da kwanduna a baya, kogin nan ya zama zare, ina jin haushin kare daga can ƙasa. Na hango Armand a kan tarakta. Ammi yana ta tasbihi hawaye na bin gemunsa. Awa guda muka yi, muka sauka a gonar wani, kwandon ya tuntsure, tsoho na kwance a kaina yana ƙyaƙyata dariya. Ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba, gara in faɗa miki gaskiya.

Da muka koma Ammi ya faɗa wa Hajja, da Hamad ta tarho, komai da bakinsa, ya ce yaron nan ba gudu zai yi ba, ni na sa shi. Na ɗauka magana ta ƙare. Hamad ya ce a ba ni tarho. Ya ce da gudu na yi da ya fi masa sauƙi. Direban da zai ɗauki mai ciwon zuciya ya kai shi sama a ɓoye, ya dubi uwarsa ya yi mata ƙarya, ba zai sake riƙe makullin motarsu ba. Ammi ya yi faɗa, ya yi roƙo, har ya ƙi cin abinci. Amma kafala da sunan Hamad take, kamar yadda kika tuna mini. Ban ga laifinsa sosai ba, ubansa ne.

Armand da ya ji ya zo har gida, ya ce in tsaya, zai nema mini takarda. Fasfona a lokacin ya dawo hannuna, Ammi ya ƙwato mini. Na kwana biyu ina juya maganar. Sai na ga in na tsaya, Hamad zai ce ashe dai da gaske ne, kuma ke da kika kawo ni gidan kina can. Na ba Armand haƙuri. Jiya na sa su Ammi a jirgin Jidda, ni nawa na Yamai gobe ne.

Saboda haka rabon kayan yana nan yadda na rubuta. Rediyo na Saleh, fanka ta Jamilatu. Bargo da akwati ki aiko, yanzu ni zan karɓa da kaina. Ki ce wa Jamilatu ta yi karatu da kyau, in sakamako ya fito a aiko mini Damagaram.

Na ji ciwo, Yaya, ba zan ce ban ji ba. Shekara shida ina cin tuwonki, na ɗauka ko duk Waziriyya ta ce na gudu ke za ki ce a jira Lahadi. Amma da ni ke zaune ina kallon yarinyar nan tana guga, ban san me zan yi ba.

Kin ce in yafe ko kada in yafe. Ai na riga na yafe tun ranar 8 ga wata, na baya da na gaba, da hannuna na rubuta. Takardar tana aljihun Hamad. Ki roƙe shi ya ba ki.

Bawanki,
Isha'aku